Yadda Malami Zai Gwada Hanyar Koyarwarsa A Cikin Ajinsa

Tun daga ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Hartum, karatun yara a Sudan ya shiga mawuyacin hali. A watan Oktoba na wannan shekarar hukumar UNICEF ta ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa makaranta, kuma a garuruwa irin su Gadarif da Kasala an mayar da azuzuwa masaukin waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu. Da aka fara buɗe makarantu a wasu jihohi, sai malamai suka tarar da aji guda ya haɗa wanda ke karanta shafi sumul, da wanda ya manta haruffa, da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. A unguwannin Hausawa mutane da dama sun buɗe darasin yamma a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, wasu kuma sun ƙara hisabi da karatun Larabci a kan karatun allo na halwa, wato makarantar allo ta Sudan, kowa dai yana yin iya ƙoƙarinsa.

Duk malamin da ka tambaya yana da hanyar da ya yi imani da ita. Wani ya ce babu kamar a biya yara su bi da ƙarfi har kalma ta zauna, wani ya ce sai an fassara wa yaro da Hausa tukuna, wani kuma ya dawo daga bitar kwana uku yana cewa a zaunar da yara rukuni-rukuni. Idan ka nemi hujja, amsar ba ta wuce, ai ga shi nan suna ganewa. Amma aji mai amsawa baki ɗaya yana yaudarar kunne, domin yara biyar da suka iya su ne ke jan murya, sauran kuwa sautin kawai suke bi daga baya, shi kuma malam yana gaban sabbura, wato babban allon aji, yana jin daɗi. Abin da zai warware gardamar shi ne a auna yaran ɗaya bayan ɗaya, kafin a fara da bayan an gama, sannan a sake aunawa bayan an ɗan huta. Wannan bincike ne na gaskiya, kuma ba ya buƙatar kwamfuta ko kuɗin wata ƙungiya. Daftari biyu da 'yan katuttuka da abokin aiki mai gaskiya sun wadatar.

Gwada darasi kafin a yarda da shi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Cibiyar horar da malamai ta Bakht ar-Ruda, wadda aka kafa a 1934 kusa da Duwem a bakin Farin Nilu, ta yi suna ne da cewa darasin da aka tsara sai an koyar da shi ga yara a makarantar da ke jikin cibiyar, an ga inda ya yi tuntuɓe an gyara, kafin a buga shi a aika wa malaman ƙasa. Abin da zan bayyana ƙaramin samfurin wannan aikin ne, daidai ƙarfin mutum ɗaya.

Fara da tambaya ƙarama

Tambaya irin ta "wace hanya ce ta fi kyau wajen koyarwa" ba ta da amsa, kuma wanda ya fara da ita zai gaji bai isa ko'ina ba. Tambayar da ake iya gwadawa tana ambaton su wa ake koya wa, me za a sauya, me za a auna, kuma cikin wane lokaci. Misali: idan na bayyana ma'anar sababbin kalmomin Larabci da Hausa na minti biyar kafin a fara karatu, shin yaran da Hausa suke yi a gida za su fi amsa tambayoyin fahimta bayan mako shida? Ko kuma: idan na rage maimaita karatu daga littafi, na ƙara rufe littafi yaro ya faɗi abin da ya tuna, shin abin zai fi zama a kansa bayan mako biyu? Rubuta tambayar a shafin farko na daftarinka da kwanan wata, ka rubuta a ƙasanta abin da kake zaton zai faru. Amfanin rubuta zaton tun farko shi ne, zuciya tana da saurin cewa dama na sani bayan ta ga sakamako.

Awon farko

Nan ne ya kamata a ɓata lokaci, domin idan ma'auni ya karkace duk abin da aka auna da shi ya karkace. Hanya mafi sauƙi da na sani ita ce ta ƙungiyar Pratham ta Indiya, wadda tun 2005 take shiga ƙauyuka gida-gida tana gwada karatun yara da takarda ɗaya tak, kuma shekara bayan shekara tana samun cewa kusan rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta rubutun aji biyu. Takardar mataki-mataki ce: haruffa, sai kalmomi, sai gajeren sakin layi, sai ɗan labari. Yaron da ya kasa haruffa ana rubuta shi a matakin farawa, saura kuma kowa a mataki mafi girma da ya iya.

Ka tsara irinta da Larabci. Zaɓi haruffa goma, ka haɗa da masu kama da juna waɗanda ɗigo ne kaɗai ya raba su, kamar ba da ta da sa, ko jim da ha. Zaɓi kalmomi goma na yau da kullum masu wasali, sai jimloli huɗu gajeru, sai labari na layi bakwai ko takwas da tambayoyi biyu a kansa. A hisabi kuma a fara da gane lambobi daga 1 zuwa 9, sai daga 10 zuwa 99, sai ɗebewa mai aro, sai rabawa. Ka yi takardar iri uku masu nauyi ɗaya amma kalmominsu daban, ɗaya don farko, ɗaya don ƙarshe, ɗaya don awon da zai biyo baya, saboda yaran unguwa ɗaya ba sa ɓoye wa juna komai.

Kada ka ɗauko jimlolin daga littafin makaranta. Na taɓa zama da wata yarinya 'yar shekara goma wadda a wurina tana cikin gwanayen aji. Na buɗe mata shafin da muka yi a makon da ya wuce, ta ɗora yatsa ta karanta shi tiryan-tiryan, sai dai na lura yatsan ya isa ƙarshen layi bakinta yana tsakiya. Na rubuta kalmomi biyar daga wannan shafin a kan kati, na hargitsa jerinsu na miƙa mata. Ta daɗe tana kallon katin, sannan ta ɗago kai ta ce, "Ustaz, ai ba a ba mu wannan ba." Haddace shafin ta yi da kunne, kuma da na tsaya a littafi da har yau ina lissafa ta cikin masu karatu.

A gwada kowane yaro shi kaɗai, a gefe, inda 'yan'uwansa ba za su ji ba, kuma babu bulala a kusa. Minti biyar ya isa. Kafin a fara sai a sanar da iyaye, domin kalmar imtihan tana tayar da hankali. Wani dattijo ya taka har rakubar da nake koyarwa ya ce, "Malam, na ji an ce jarrabawa za a yi a kori marasa ƙoƙari." Na ce, "A'a Baba, ba yaran ake jarrabawa ba, koyarwata ce nake so in gani ko tana shiga." Ya yi dariya ya ce to wannan kam ya halatta. A daftari kuwa lamba za ka ba kowane yaro, jerin sunayen ya zauna a wata takarda daban da kai kaɗai ke gani.

Raba aji, kuma bari ƙuri'a ta raba

Idan ka koyar da aji duka da sabuwar hanya, ka auna bayan mako shida ka ga sun ci gaba, ba ka san komai ba tukuna, domin yaron da ya yi mako shida yana zuwa darasi zai ci gaba ko da wace hanya aka bi. Dole a sami rukuni na biyu da ya ci gaba da tsohuwar hanya, a kwatanta su. Yadda aka raba rukunan kuwa shi ne ƙashin bayan aikin.

Ni a gwajina na farko nan na faɗi. Na ba masu zuwa bayan la'asar sabuwar hanya, na bar masu zuwa bayan magariba a kan tsohuwa, saboda hakan ya fi mini sauƙi. Na manta cewa masu zuwa da magariba su ne yaran da ke wuni a kasuwa ko a bakin gasa agashe, sun zo a gajiye, ga hasken fitila ba ya isa kowa. Na kuma fara a ƙarshen damina, sai yankan riɗi ya kama, manyan yaran rukunin magariba suka bi iyayensu gona mako biyu cur. Sakamako ya fito sabuwar hanya ta yi fintinkau, na yi ta murna, har sai da wani abokin aikina ya buɗe daftarin halarta ya nuna mini cewa abin da na auna gajiya ce da riɗi.

Yadda ya kamata a yi shi ne, bayan awon farko a jera yaran mataki-mataki. A cikin kowane mataki a rubuta lambobinsu a ƙananan takardu, a zuba a hula, a sa wani yaro ya riƙa ɗebowa, ta farko rukunin alif, ta biyu rukunin ba, har su ƙare. Ta haka kowane rukuni zai sami masu ƙarfi da masu rauni gwargwadon ɗan'uwansa, kuma son zuciyar malam bai shiga ba. Idan lokuta biyu ne dole, a riƙa musanyawa mako-mako, waɗanda suka zo da la'asar wannan makon su zo da magariba mako mai zuwa. Wannan ƙuri'ar ita ce dai tushen gwaje-gwajen da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer suka yi a makarantun Indiya da Kenya, waɗanda suka kai su ga lambar Nobel ta tattalin arziki a 2019. A ɗaya daga cikinsu, a yammacin Kenya, an raba wa wasu makarantu littattafai an bar wasu, sai aka tarar littattafan ba su ɗaga makin yawancin yara ba sai na waɗanda dama su ne kan gaba, kuma daga cikin dalilan da masu binciken suka kawo akwai cewa littattafan da Ingilishi suke, harshen da yawancin yaran ba su mallaka ba. Duk wanda ya taɓa koyar da ɗan Bahaushe na Mai Wurno ko na ƙauyukan Damazin da littafin fusha, wato daidaitaccen Larabci, zai gane wannan labari.

Abu ɗaya za a sauya. Idan rukunin alif ya sami bayani da Hausa, to kada ya sami ƙarin minti goma, ko sababbin daftarai, ko malamin da ya fi fara'a. Ko manyan bincike ba su tsira daga wannan tarko ba. A shirin da Jami'ar Ife ta Nijeriya ta fara a 1970 ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, an koyar da yara da Yarabanci shekara shida ta firamare, suka fito ba su gaza takwarorinsu ba har a Ingilishi, amma masu suka sun yi ta nuna cewa ajin gwajin ya sami malamin Ingilishi na musamman, don haka da wuya a ware rabon harshen gida daga rabon gwanintar malam.

A tsawon makonnin gwaji ka riƙe daftarin halarta da gaske, ka kuma rubuta layi biyu kullum a kan abin da ya faru: ruwa ya hana zuwa, an yi rasuwa a unguwa, alli ya ƙare. Sau biyu ko uku ka roƙi abokin aikinka ya zauna a bayan aji da takarda, ya yi zane ɗaya duk lokacin da ka tambayi yaro, yana ware maza da mata, na gaba da na baya, ya kuma ƙirga sakan nawa kake jira bayan ka yi tambaya. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Mary Budd Rowe, ta naɗi muryoyin azuzuwa masu yawa ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai kusan sakan ɗaya suke jira kafin su amsa da kansu ko su wuce ga wani yaro, kuma da aka tsawaita jiran zuwa sakan uku ko fiye, amsoshin yara sun ƙara tsawo, masu shiru ma sun fara magana. Ga yaron da sai ya juya tambayar daga Larabci zuwa Hausa a ransa kafin ya juyo da amsa, sakan ɗaya zalunci ne.

Awo na biyu, da na uku wanda ya fi shi muhimmanci

Ranar da mako shida ya cika, kada kai ka yi awon. Ka ba wani malami takarda ta biyu da lambobin yaran a gauraye, ba tare da ya san wane ne a wane rukuni ba, domin malamin da ke son hanyarsa ta ci yakan taimaka wa yaro da ido ko da gyaran murya bai ma sani ba. Daga nan a bar batun darasin gaba ɗaya mako biyu, sannan a sake aunawa da takarda ta uku.

Dalilin awo na uku shi ne mantuwa. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a sa'o'i da kwanakin farko, sannan zubar ta lafa, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi maimaitawa a zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗaliban jami'a a Amurka gajeren rubutu. Wasu suka karanta shi a zama huɗu, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan aka karɓe takardar suka rubuta abin da suka tuna sau uku. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, kashi 83 cikin ɗari a kan kashi 71. Bayan mako ɗaya lamarin ya juye, masu maimaita karatu suka sauko kashi 40, masu tunowa da ka suka tsaya a kashi 61. Wanda ya yi awo ranar da aka gama kaɗai, da hanyar da ta fi rauni zai ba sarauta. Alarammomin tsangaya da fakin halwa ba za su yi mamakin wannan ba, tunda almajiri ba ya wanke allo sai ya kife shi ya kawo hadda, kuma tilawar baya ba ta yankewa.

Karanta sakamako ba ya buƙatar lissafi mai zurfi. Ja layi a tsakiyar shafi, ka ƙirga a kowane rukuni yara nawa suka hau mataki, nawa suka tsaya, nawa suka koma baya. Yaron da ya rasa fiye da sulusin darussa ka yi masa alama, ka duba ko irinsu sun taru a rukuni ɗaya, amma kada ka share su don lissafi ya yi kyau, domin hanyar da ke korar yara daga aji ita ma ta faɗi wani abu game da kanta. Idan yara 15 ne a kowane rukuni, kuma tara sun hau a nan takwas a can, babu bambanci, sa'a ce kawai. Idan sha ɗaya ne da biyar, kuma tazarar ta tsaya har awo na uku, to akwai magana, sai a musanya rukunan a sake zagaye ɗaya, wanda hakan kuma shi ne adalci ga yaran da ba su sami sabuwar hanyar ba. Ka duba matakan daban-daban, saboda sau da yawa hanya takan amfani masu haruffa ta bar masu labari inda suke.

Halwa da ajin manya

A halwa sai an yi hattara. Jerin surori da ruwayar da ake karantawa, Warshu ce ko Duri ko Hafsu, ba abin gwaji ba ne, kuma ba a taɓa komai sai da iznin malamin wurin. Abin da za a iya gwadawa shi ne tsarin lokaci, misali ko tilawar baya ta minti talatin a zama ɗaya ta fi, ko minti goma-goma da asuba da azahar da dare, a auna da yawan gyaran da mai sauraro ya yi a sumuni ɗaya. Ana kuma iya duba ko almajirin da ke karanta allonsa yana iya karanta rubutun Larabci da bai taɓa gani ba, domin wannan ne zai nuna matakin da za a sa shi idan ya shiga makarantar gwamnati.

Ajin yaƙi da jahilci na manya, musamman na mata, ba ya ɗaukar takarda mai kama da ta yara, domin uwar 'ya'ya shida ba za ta dawo ba idan ta ji an tona mata asiri. A auna ta da abin da ya kawo ta: ta nemo suna a wayarta, ta karanta adadin kuɗi da sunan mai karɓa a sanarwar Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ta gane sau nawa za a sha magani daga rubutun kwalba, ta rubuta sunanta da na unguwarta. Mace ce za ta yi awon, a keɓe, ta ce, "Hajja, taimaka mini ki duba nawa aka turo nan," ta yi alamarta bayan matar ta tashi. Manya sun fi yara yawan fashi, don haka a nan yawan waɗanda suka ci gaba da zuwa har ƙarshe shi ma sakamako ne da za a rubuta kusa da na karatu.

Idan an kammala, a rubuta komai a shafi ɗaya: tambayar, yawan yara, yadda aka raba su, abin da aka sauya, alƙaluman awo uku, da duk abin da ya kawo cikas. A karanta wa malaman unguwa ko da sakamakon ya nuna babu bambanci, domin hakan zai hana wani ya ɓata mako shida a kan abu ɗaya, a kuma nemi ɗaya daga cikinsu ya maimaita gwajin a nasa ajin da nasa yaran. Wanda ke yankin Gadarif ko Sinnar ya duba kalanda kafin ya sa ranar farawa, ya tabbata makonni takwas ɗin ba su faɗa cikin yankan riɗi ko girbin dawa ko azumi ba.